Ka Kwafo Dodo Ya Zo A Wargaje: Yadda Ake Gyara Rubutu Kafin Daren Wasa

Daren Asabar ne, an yi Isha, kowa ya ci abinci ya kintsa. Ku biyar ne a kan Discord. Kai ne jagoran wasa, sauran huɗun kowa yana riƙe da jaruminsa. Sati guda ka yi kana shirya wannan dare. Labari ya kai inda jaruman suka tura ƙofar wani tsohon gida, kowa ya yi tsit yana jiran jin abin da ke ciki. Ka buɗe littafin wasan, ka zaɓi bayanin ɗakin, ka kwafa, ka liƙa, ka tura.

Sai ga abu ya fito kamar kaji sun yi tono a shanya. Kowane layi ya karye a tsakiyar jimla, kalmomi sun rabu gida biyu, lambar shafi ta faɗo tsakiyar zance. Abin takaicin ma shi ne, jimlar da ke cewa akwai tarko a ƙarƙashin shimfiɗar ɗakin, wadda kai kaɗai ya kamata ka sani, ita ma ta biyo sahu. Kafin ka goge, kowa ya karanta. Shi ke nan, an sha ka.

Idan haka ta taɓa faruwa da kai, to kwantar da hankalinka, ba rashin iyawarka ba ne. Matsala ce da ke da dalili, kuma da zarar ka gane dalilin, gyaran ba zai ci maka fiye da 'yan mintuna ba.

Wane irin wasa ake magana?

Ga wanda bai taɓa yi ba, wasan labari na kan tebur kamar tatsuniya ce wadda masu sauraro suke da ta cewa a cikinta. Mutum ɗaya yana jan ragamar labarin, yana bayyana gari da daji da dodanni. Sauran kuma kowa yana da jarumi, yana faɗin abin da jarumin zai yi. Idan abin yana da haɗari, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya yi nasara. Ba irin na lido mai fuska 6 kaɗai ake amfani da shi ba, akwai mai fuska 4, 8, 10, 12 da 20.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Da can sai an haɗu a ɗaki ɗaya ake yi. Yanzu kuwa akwai Roll20 da ya fito a 2012, da Discord a 2015, da Foundry VTT a 2020, wasu ma a zauren WhatsApp suke yin abinsu. Littattafan dokoki da na labaran kuma galibi a PDF suke zuwa. To daga nan rigimar take farawa, domin duk abin da kake son 'yan wasa su gani, sai ka ɗebo shi daga wannan PDF ɗin.

PDF ba ta san jimla ba

Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 da manufa ɗaya: shafi ya fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace na'urar bugawa. Saboda haka abin da fayil ɗin ya fi kula da shi shi ne wurin zaman kowane harafi. Wannan harafi a nan, wancan a can, layi na gaba ya sauko ƙasa kaɗan. A yawancin fayilolin, babu abin da ke cewa “nan jimla ta ƙare” ko “nan sabon sakin layi ne”. Idonka ne yake haɗa wannan, ba fayil ɗin ba.

Lokacin da ka kwafa, manhajar da kake karatu da ita hasashe take yi. Ta ga layi ya ƙare a bakin shafi, sai ta sa karyewar layi a wurin. Ta ga lambar shafi a ƙasa, a wurinta wannan ma rubutu ne, sai ta haɗa. Littattafan wasa kuma sun fi kowane littafi wahalar da ita, saboda kusan dukkansu a ginshiƙi biyu ake tsara shafinsu, ga akwatunan bayani a gefe, ga jadawali, ga zane da rubutu ke kewaye shi. Shi ya sa wani lokaci za ka ga layin hagu ya auri layin dama, an haifi jimlar da ba ta da kai ba ta da gindi.

Idan ka riƙe wannan, sauran duk mai sauƙi ne. Aikinka shi ne ka mayar wa rubutun abin da PDF ta cire masa, kuma a jere ake yi, ba a tsallake.

Da farko, kwafo kaɗan-kaɗan

Rabin ɓarnar tun wajen kwafa ake yin ta. Kada ka ja shafi guda gaba ɗaya. Ɗauki ginshiƙi ɗaya, ko ma sakin layi ɗaya, ka tsaya kafin ka kai lambar shafi. Idan Adobe Acrobat Reader kake amfani da shi a Windows, danne Alt yayin da kake jan linzami, zai ba ka damar zana akwati a kan ginshiƙin da kake so kaɗai, ba tare da ya tsallaka na kusa da shi ba.

Akwai kuma gwajin da ya kamata ka yi tun farko. Gwada zaɓar kalma ɗaya tak. Idan ta zaɓu, to akwai rubutu na gaske a fayil ɗin. Idan shafin gaba ɗaya ya haskaka, ko babu abin da ya zaɓu, to hoton shafi ne aka ɗauka, ba rubutu ba ne. Wannan sai ka bi ta manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, kamar Google Lens, ko ka ɗora fayil ɗin a Google Drive ka buɗe shi da Google Docs. Suna aiki, amma suna da nasu kurakuran, za mu zo kansu idan mun kai maganar lambobi.

Na biyu, tuɓe wa rubutun kaya

Abin da ka kwafo ba haruffa kaɗai ba ne. Sau da yawa yana zuwa da girman rubutu, da launi, da salon haruffan littafin. Idan ka liƙa shi kai tsaye a takardar bayani ta Roll20 ko Foundry, sai ka ga wani wuri ƙato, wani wuri ƙanƙani, wani ma baƙin rubutu a kan baƙin allo.

Maganin shi ne Ctrl+Shift+V maimakon Ctrl+V. A mafi yawan burauza da manhajoji, wannan yana liƙa tsurar rubutu ba ado. Idan bai yi ba, ga tsohuwar dabara da ba ta taɓa ba da kunya: liƙa shi a Notepad tukuna, sannan ka sake kwafowa daga can. Notepad ba ya riƙe irin wannan adon. A wayar Android kuma, idan ka danne wurin rubutu, manhajoji da yawa suna ba da zaɓin liƙawa a matsayin tsurar rubutu.

Na uku, ɗinke layukan da suka karye

Nan ne mutane suka fi shan wahala, suna bin layi ɗaya bayan ɗaya suna gogewa da hannu. Idan sakin layi ɗaya ne, ba laifi. Idan shafi uku ne, ai sai dare ya raba ba ka gama ba.

A Microsoft Word, danna Ctrl+H, akwatin nema da musanyawa zai buɗe. A wurin Word, alamar ^p tana nufin ƙarshen sakin layi, ^l kuma tana nufin karyewar layi. Amma kada ka yi garajen musanya duka ^p da fili, domin rubutunka zai dunƙule ya zama curi guda. Ga yadda ake bi:

Fara da bin rubutun kana sa wata alama da babu ita a ciki, misali @@@, a duk inda sakin layi na gaskiya ya ƙare. Sannan ka duba kalmomin da aka raba da karan ɗori a ƙarshen layi. Nemi -^p, ka bar gurbin musanyawa babu komai, sai rabin kalmar ya koma wa ɗan'uwansa. Bayan haka ka musanya sauran ^p da fili guda. Sai ka musanya @@@ da ^p, sakin layukanka na gaskiya su dawo. Daga ƙarshe ka nemi fili biyu a jere ka mayar da su ɗaya, ka maimaita har ya ce bai sami komai ba. Idan ka nemi ^p bai samu ba, gwada ^l.

Hattara da matakin karan ɗorin nan. Kada ka danna maɓallin da ke musanya duka a lokaci ɗaya, bi su ɗaya-ɗaya. Akwai kalmomin da karan nasu na asali ne. Idan rubutun na Hausa ne ma abin ya fi yawa: “sannu-sannu” da “iri-iri” da “gida-gida” duk za su lalace idan suka faɗo a ƙarshen layi.

Idan ba ka da Word, Notepad++ kyauta ne a Windows, kuma ya fi sauri a wannan aiki. Zaɓi layukan sakin layi ɗaya, danna Ctrl+J, nan take su haɗe. A waya kuwa, gaskiya abin da wuya. Akwai shafukan intanet da ke cire karyewar layi idan ka liƙa musu rubutu, suna taimakawa, amma kada ka saba zuba musu abin da ke ɗauke da sunanka ko wani sirrinka. Idan da hali, ari kwamfuta na rabin awa ka gyara na sati gaba ɗaya.

Haruffan da ke ɓuya

Akwai wata matsala da ido ba ya saurin kamawa. Masu tsara littattafan Turanci suna haɗe wasu haruffa, kamar f da i, ko f da l, su zama alama guda don kyan gani. Idan ka kwafo, wani lokaci alamar takan ɓace, ko ta zama ɗan akwati, ko ta zauna kamar lafiya lau amma idan ka nemi kalmar ba za ta fito ba. Duk kalmar da ka ga ta yi gibi a tsakiya, fara zargin wannan.

Mu kuma muna da tamu. Idan kana haɗa labarinka da Hausa, ka ɗebo wani abu daga tsohuwar maƙala ko kundin digiri a kan tarihi ko tatsuniya, wataƙila ka taɓa ganin “qasa” da “xaya” da “varawo”. Ba marubucin ne bai iya rubutu ba. Kafin haruffa masu lanƙwasa su samu a kowace waya, akwai salon haruffan da ake bugun Hausa da su waɗanda suka ari q da x da v, suna nuna su a matsayin ƙ da ɗ da ɓ. A shafin PDF komai daidai yake fitowa, amma da ka kwafo, sai asalin abin ya bayyana.

Gyaran Ctrl+H ne shi ma: q ta koma ƙ, x ta koma ɗ, v ta koma ɓ, manyan baƙaƙe kuma daban. Amma yi wannan kafin ka gauraya rubutun da kalmomin wasan. In ba haka ba, XP zai koma ƊP, mugun nan Vecna kuma ya wayi gari sunansa Ɓecna. 'Yan wasanka ba za su bar ka ka manta ba har abada.

Kowane dandali da al'adarsa

Ka gyara rubutu tsaf, ka liƙa a Discord, sai ka ga wani yanki ya karkace, taurari kuma sun ɓace. Dalili shi ne Discord yana amfani da tsarin Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004, inda wasu alamomi umarni ne. Tauraro ɗaya a kowane gefen kalma yana karkata ta, biyu suna kaurara ta. A WhatsApp kuwa tauraro ɗaya ne yake kaurarawa. Kenan abin da ka tsara don WhatsApp ba zai fito iri ɗaya a Discord ba. Idan kana son tauraro ya fito a matsayinsa na tauraro a Discord, sa alamar \ a gabansa.

Jadawali kuma Discord bai san shi ba sam. Hanya biyu ce. Ko dai ka mayar da shi jeri, kowane layi da lambarsa da abin da ke faruwa, ko ka sa shi tsakanin alamar ``` a sama da ƙasa. A cikin wannan akwatin duk haruffa faɗinsu ɗaya, don haka ginshiƙai suna tsayawa a miƙe. Amma ka tuna yawancin abokanka a waya suke karantawa, jadawali mai faɗi zai naɗe ya rikice. Jeri ya fi aminci.

Sannan saƙo ɗaya a Discord ba ya wuce haruffa 2,000 ga wanda bai biya kuɗin Nitro ba. Idan ka zarce, zai nemi ya tura shi a matsayin fayil, wanda a tsakiyar wasa ba kowa ne zai tsaya buɗewa ba. Raba shi da kanka a inda labarin yake da numfashi.

Lambobi: nan ne rai yake

Layi ya karye, an yi dariya an wuce. Amma lamba ta canza, to jarumin wani ne zai mutu a banza, jarumin da ya yi wata uku yana rainonsa. Wannan ba abin dariya ba ne a wurinsa, kuma irinsa ne yake raba zaure.

A waɗannan wasanni, 2d6+3 yana nufin a jefa ɗan lido mai fuska 6 guda biyu, a haɗa, a ƙara 3. Mafi ƙaranci 5, mafi yawa 15. To manhajojin karanta hoto suna yawan rikita 1 da ƙaramar l, da 0 da babbar O. Sai 1d8 ya koma ld8, 1d10 ya koma 1d1O. Idan an yi sa'a, manhajar jefa lidon za ta ƙi karɓa, ka gane da wuri. Idan ba a yi sa'a ba, lambar shafi ce za ta manne wa wata lamba, dodon da ke da makin rai 7 ya tashi da 74, kai kuma ba ka lura ba sai bayan ya gama da mutane biyu.

Akwai kuma alamar ɗebewa. Littattafai suna buga ta da ɗan tsawo, ba irin karan da ke kan madannai ba, kuma ba kowace manhajar jefa lido ce take gane ta ba. Duk lissafin da za ka sa a umarni, kamar /roll a Roll20, goge alamar ka buga taka da hannu.

Ga dabarar da za ta cece ka. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, ana rubuta matsakaicin sakamako a gaban lissafin. Ɗan ƙaramin dodon nan goblin, misali, makin ransa 7 ne, lissafinsa kuma 2d6. Matsakaicin ɗan lido mai fuska 6 shi ne 3.5, sau biyu ya ba da 7. Sun dace. Mai fuska 8 matsakaicinsa 4.5 ne, mai fuska 10 kuma 5.5. Idan ka lissafa ka ga lambobin biyu ba su haɗu ba, wani abu ya lalace a hanya. Duk da haka, babu abin da ya kai ka ajiye littafin a gefe guda, rubutunka a gefe guda, ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya da idonka. Wannan aiki ba a ba wa na'ura shi.

Abin da bai kamata ya fita ba

Mu koma kan tarkon nan na farko. Littattafan labari sukan sa abin da za a karanta wa 'yan wasa a cikin akwati, bayanin jagora kuma yana biye da shi a ƙasa. Da ka kwafo, akwatin ya ɓace, babu abin da ke raba su. Saboda haka ka ajiye fayil biyu: na 'yan wasa da naka. Kuma kada ka taɓa liƙa abu daga PDF kai tsaye zuwa zauren wasa. Buɗe wani ɗaki a Discord wanda kai kaɗai ne a ciki, ko ka tura wa kanka a WhatsApp, ka ga yadda ya fito tukuna. Idan akwai abin da kake son ya ɓoyu har sai an taɓa shi, Discord yana rufe duk abin da ka sa tsakanin || da ||. Amma wannan ba makulli ba ne, kowa zai iya taɓawa, kuma ka san halin abokanka.

Duba ƙasan shafi ma. Wasu shagunan da ke sayar da littattafan wasa a intanet suna buga sunan mai saye da lambar cinikinsa a kowane shafi, kuma wannan yana iya biyo abin da ka kwafo.

Sai maganar haƙƙi. Ɗebo sakin layi don teburinku daban, zuba littafi sukutum a zauren da kowa ke shiga daban. Mutane ne suka zauna suka rubuta shi, da shi suke ci. Idan kana son abin da za ka yaɗa ko ka fassara zuwa Hausa hankali kwance, a watan Janairun 2023 kamfanin Wizards of the Coast ya saki kundin dokokin da ake kira SRD 5.1 a ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Sharaɗinsa shi ne ka ambaci masu shi kamar yadda suka tsara.

Tun ran gini ran zane

Duk abin da aka lissafa a nan ba aikin daren wasa ba ne. Abokanka sun sayi data, wani ya ajiye karatun jarrabawa, wani yana lallaɓa cajin da bai kai kashi 20 ba. Minti goma da za ka yi kana cewa “ku ɗan jira, abin ya rikice” daga lokacinsu ka ɗiba, kuma idan zafin labari ya huce, da wuya ya dawo yadda yake.

Don haka ware rabin awa ranar Alhamis ko Juma'a. Kwafo kaɗan-kaɗan, tuɓe ado, ɗinke layuka, duba haruffa, bi lambobi da ido, sannan ka gwada a ɗakinka na kai kaɗai. Ajiye kowane yanki da sunan da za ka gane da sauri, kamar “ƙofar gida” ko “dodon rijiya”. Ranar Asabar idan suka tura ƙofar nan, abin da za su gani shi ne ɗaki mai duhu da shimfiɗa a tsakiya. Abin da ke ƙarƙashinta kuwa, sai wanda ya taka.